Garmar Abednego da Wayar Faiba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa don muryata ba ta kai wa nesa yanzu.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na wurinki.

To. Akwai wata mata a cikin garin Birnin Gwari, sunanta Comfort, amma ko mijinta ba ya kiran ta haka, Maman Japheth kowa ke cewa. Asalinsu mutanen Kusasu ne. Can aka ɗaura musu aure a coci, can suka haifi 'ya'yansu, can mijinta Abednego ya yi ta noman doya da masara har kansa ya yi fari fat. Da mutanen daji suka matsa wa ƙauyen, sai suka tattara abin da kai zai iya ɗauka suka shigo gari, suka kama ɗakuna da ɗan tsakar gida a bayan wata makarantar firamare.

'Ya'yanta mata duk sun yi aure nesa, ɗaya a Kafanchan, ɗaya a Minna. Saura autanta Japheth, wanda ya karanta lissafi a Zariya. Sana'arsa kuwa, da farko ko ita Comfort ba ta yarda sana'a ce ba: zai zauna gaban kwamfuta, yara su bayyana a ciki, wannan daga Abuja, wancan daga Legas, yana koya musu lissafi yana zane a wani ɗan allo. A Kaduna yake yin abinsa. Ciwon uban ne ya kawo shi gida, da uban ya warke kuma uwar ta riƙe shi. Ba don komai ba sai don hanyar nan. Kun san hanyar Kaduna. Mota ba ta fita ita kaɗai, sai an taru an yi ayari sojoji sun raka, kuma duk da rakiyar, wanda ya sa nasa a ciki ba ya iya haɗiye ruwa sai ya ji an isa. Comfort ta rantse a ranta ɗanta ba zai riƙa kai da kawowa a kanta ba.

Amma sabis ɗin waya a unguwarsu, Allah ya sawwaƙe. Yana cikin magana hoton yaro zai sandare da baki buɗe. Ya hau kan katanga, ya hau kan tankin ruwa, ya taɓa yin darasi guda yana tsaye a kan turmi da waya a sama. Idan hadari ya haɗo kuwa, shi ke nan, a tashi. Iyayen yaran suka fara ƙorafi. Kullum da safe sai ya ce, "Mama, wannan zaman ba zai yiwu ba." Ita kuma sai ta tura masa kunu ta ce ya sha tukuna.

Ana cikin haka wani kamfani ya zo jawo wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, wadda suke kira faiba, daga babban layin bakin titi zuwa makarantar nan, suka ce gidajen da ke kusa duk mai so a ja masa. Japheth bai tsaya shawara ba. Leburori suka haƙa rami siriri daga kusurwar makaranta, ya bi gefen lungu har ƙofar gidansu, suka shimfiɗa wayar suka mayar da ƙasa. Wani saurayi ma'aikacin kamfanin, Ƙasimu, ya kafa ɗan farin akwati a bangon ɗakin Japheth, ya haɗa shi da batirin sola, wata 'yar fitila koriya ta kama.

"Mama, in dai kin ga koriyar nan, to lafiya lau," in ji Ƙasimu. "In ta koma ja, ku kira ni."

Kai, ku zo ku ga yadda gidan ya sauya! Hoto ya daina sandarewa. Ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya a kan kwano, Japheth na ciki yana cewa, "A'a, sake duba layin ƙasa," yaro na amsa masa tangaran kamar yana ɗakin. Comfort ta ga jikarta ta Minna ta yi tafiyar fari, ta ga har wushiryar surukinta da ba ta taɓa lura da ita ba. Maƙwabciyarta Adawiyya, mai suyar awara a ƙofar gida, ta riƙa shigowa da yamma ta zauna a gindin taga ta yi hira da ɗanta da ke ɗinki a Agadas, tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

"Maman Japheth, wallahi har ƙurjin da ke goshinsa na gani. Na ce masa ya daina matsa shi."

"To ki bar mana awara a bakin ladan gani."

"Ji ta! Ke da ɗanki yake gabanki kina kallo kyauta?"

Comfort ta yi dariya, amma ko a lokacin ba ta zauna ba. Ita mace ce da hankalinta ba ya kwanciya duka, kullum da saura. Tana shara sai ta leƙa ta ga fitilar. Ta ɗora tukunya ta leƙa. Ta dawo daga taron zumuntar mata, kafin ta cire ɗankwali ta leƙa. Ita dai a wurinta wannan 'yar koriyar ita ce igiyar da ta ɗaure mata ɗa a gida.

Yanzu bari in koma kan Abednego, don kada ku ce na manta da shi. Mutum ne da tun yana yaro bai taɓa ganin ruwan farko ya sauka yana zaune ba. A gari kuwa ba shi da ko taki ɗaya na gona. Sai ya wuni yana zagaya tsakar gida, ya ɗauko garmarsa ya wasa, ya mayar, ya sake ɗaukowa. Kuma ba shi kaɗai ba. Duk waɗanda daji ya koro, daga Randagi, daga Gayam, daga ko'ina, haka suke. In suka ga ƙasa ko da faɗin tabarma ce, a bayan masallaci ne, a gefen kwalbati ne, sai sun soka mata wani abu. Da damina ta kankama, sai ga layin nan da leburori suka haƙa ya fito a gefen lungu, ƙasa ja, mai laushi, an riga an juya ta, ba sai an sha wahala ba. Wane manomi zai wuce ta? Kafin a ce me, wannan ya ja kunyoyin gyaɗa, wancan ya zuba kuɓewa, wata ta yafa rama. Abednego ya zaɓi wajen kusurwar makaranta ya tayar da kunyoyin dankali, manya, masu tsayi, irin na mutumin da ya saba tara tudun doya. Ranar ya dawo gida yana waƙar coci, ya ci tuwo har da ƙari.

Ranar ce kuma fitilar ta koma ja.

Comfort ce ta fara gani. Ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta kira Japheth da wata murya da shi kansa ya tsorata. Ya kashe akwatin ya kunna, ya zare ya mayar, ja dai. Lokacin kuwa jarrabawar yaran ta gabato, iyaye sun ƙara masa darussa, kowa na so a yi wa nasa bita. Ya fita da gudu ya hau tankin ruwa da waya yana ba uwar wani ɗalibinsa haƙuri da Turanci.

Ƙasimu ya zo a kan babur, ya duba akwatin, ya je makaranta ya duba nasu, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Na makaranta lafiya yake. Tsakanin can da nan ne wayar ta katse."

"To ka haɗa mana, ɗana," in ji Comfort.

"Mama, haɗawa ba wuya, ina da kayan haɗi a jaka, har da ragowar waya. Wurin ne ban sani ba. Na'urar da ke nuna inda ta katse tana Kaduna, kuma an tafi da ita wani aiki. Sai ta dawo, sannan a jira ayari a aiko." Ya juya ya dubi lungun, kore shar tun daga ƙofar gida har makaranta. "In ce zan tone wannan duka? Mutanen nan za su cinye ni ɗanye."

Haka aka shiga kwanaki. Japheth ya rame a tsaye. Ya gwada bayan gari, ya gwada saman wani bene da ba a gama ba, darasi ɗaya sai ya yanke sau ba adadi. Wani uba ya janye 'ya'yansa. Da yammacin wata Lahadi, bayan an taso daga sujada, ya sauko da jakarsa daga kan ƙusa ya fara ninke riguna.

"Me kake yi?"

"Mama, gobe akwai ayari. Zan bi."

"Ka jira na'urar mana."

"Yaushe za ta zo? Shi Ƙasimun ma bai sani ba. Yaran mutane ne a hannuna, an ba ni amana. In suka faɗi, me zan ce?"

"Ni kuma in wani abu ya same ka a hanya, wa zan ce wa me?"

Ya ci gaba da ninki. Comfort ta fita tsakar gida, ta shiga kicin, ta fito ba ta ɗauko komai ba, ta je ƙofar gida, ta dawo. Adawiyya ta leƙo ta katanga.

"Ke, zauna mana, kina sa ni jiri."

"Ƙafafun ne suka ƙi."

"Ni fa tun da abin nan ya faru nake lura. Duk masu shuka a lungun nan suna fitowa cira da safe. Baban Japheth ne kawai ban ƙara gani wajen dankalinsa ba. Ko jikin ne ya motsa?"

Comfort ta tsaya cak. Gaskiya ne. Mutumin da ya yi waƙa ranar da ya tayar da kunyoyin, tun daga ranar bai sake komawa ba. In zai je coci ma sai ya zagaya ta bayan gidan mai niƙa. Ta juya ta dube shi. Yana zaune a gindin mangwaro a kan ɗan benci, yana gyaran ƙotar fartanyar da ba abin da ya same ta.

Ta je ta tsaya a kansa. Shekarun da suka yi tare sun isa ta san yadda wuyansa ke yi in yana riƙe da magana.

"Baban Japheth."

"Na'am."

"Ranar da ka ja kunyoyin nan, garmarka ta ci wani abu?"

"Garma ai kullum tana cin abu. Saiwa, dutse."

"Ban tambaye ka saiwa ba."

Ya juya fartanyar. Can ya ce, "Wajen kusurwar akwai marmara, yaran nan ba su zurfafa ramin ba. Laifinsu ne. Na ɗauka saiwar dalbejiya ce, na sa ƙarfi."

"Yesu! Ka sare ta?"

"Ki rage murya. Na sare, amma na gyara."

"Ka gyara?"

"Na gyara mana. Na jawo bakin nan da bakin nan, na yi musu ɗaurin da nake wa igiyar guga, na naɗe da robar tayar keke tam, ko ruwa ba zai shiga ba. Na mayar na rufe. Ɗaurina bai taɓa kwancewa ba, ke shaida ce. Shi ya sa na ce matsalar ba daga nan take ba. Su nemi abinsu can wani wuri."

"To in ka tabbata, me ya hana ka bi ta wajen?"

Ya ce ƙafarsa ce ke ciwo, hanyar mai niƙa ta fi laushi.

Ku ji fa, Comfort ba ta yi masa ihu ba. Ta dubi hannayensa, duk kanta, hannayen da suka ciyar da gida shekara da shekaru, yau ba su da inda za su taɓa sai gefen lungu. Tausayi ya kama ta, haushi ma ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta ce, "Yaron nan gobe zai hau hanyar Kaduna saboda ɗaurinka. Ko ka faɗa da bakinka, ko ni in faɗa."

"A gaban ɗan da na haifa?"

"A gabansa."

Sannan ya miƙe, ya jingina fartanyar, ya nufi ɗakin Japheth yana jan ƙafa. Comfort ba ta bi shi ba, ta tsaya a bakin taga. Ta ji muryar uban ƙasa-ƙasa, sai ta ji Japheth ya ce, "Ɗauri, Baba? Kamar na akuya?" Sai wata dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ba ta da nisa da kuka.

Aka kira Ƙasimu, wayarsa ba ta shiga. Aka aika gidansu, aka ce ya tafi wani ƙauye gaisuwar rasuwa, sai gobe. Comfort ta koma wurin ɗanta.

"To ka ji. An san wurin. Ka fasa."

"Mama, in na bar ayarin gobe, ban san ranar wani ba. In Ƙasimu ya tona ya ga abin ya fi ƙarfin kayan jakarsa fa? Shi ke nan na rasa nan na rasa can."

"Zai gyaru."

"Kin sani?"

Ba ta sani ba, kuma ita ba mai ƙarya ba ce.

Da gari ya waye ta raka shi tasha. Motoci sun yi layi, motar sojoji a gaba, masu kayan gwari na ɗaure buhuna, kowa na magana a hankali. Ta riƙe hannun jakarsa har sai da direba ya ce, "Mama, ko ke ma za ki ne?" Ta ɗora hannu a kansa ta yi addu'a, kalmomin na tsere wa juna. Ayari ya tashi. Ta tsaya har ƙarar ta ɓace, sannan ta juyo da sauri kamar ana kiran ta.

Ta tarar Ƙasimu ya iso, Abednego kuma ya riga shi zuwa kusurwar makaranta da garma. Shi da kansa ya rushe kunyoyin, yana cire dankalin da ya fara kama ƙasa yana ajiyewa gefe a hankali. Masu gyaɗa da masu kuɓewa suka taru suna kallo, kowa na satar duban nasa layin. Da aka kai ga wurin, sai ga ɗaurin nan, ƙato, baƙi, an naɗe shi tsaf. Ƙasimu ya ɗaga shi, ya juya, ya ja, ko motsi.

"Baba, wallahi ɗauri ya yi ɗauri."

"Na faɗa musu."

"Sai dai abin da ke cikin nan ba ƙarfe ba ne." Ya yanke wayar ya fere bakinta, ya nuna masa wani ɗan zare mai ƙyalli, bai kai kaurin gashi ba. "Gilashi ne. Haske ne ke bi ta ciki da maganar. In ya karye, sai an goge baki da baki an daidaita su daidai, ko ƙura ba a so."

Abednego ya kawo ido kusa, ya daɗe yana dubawa. "Wannan ɗan abin ne yaran Legas ke bi su zo ɗakina?"

"Shi ne, Baba."

"To ai sai ku riƙa faɗa wa mutane. Kun binne abu kun tafi ba ko alama."

"Wannan kam gaskiyarka ce," in ji Ƙasimu.

Ya shimfiɗa ɗan ƙyalle a kan gwiwa ya fara aiki. Ɗaurin ya murƙushe wayar da tsawo, sai da ya yanke wajen kamu biyu ya sa sabuwa. Haɗin farko bai yi ba. Comfort ta je gida ta leƙa, ja, ta dawo. Ta sake zuwa, ja. Adawiyya ta ce ta zauna a gida ta yi kira in ta canza, ta ce ba za ta iya ba. Tsakanin kusurwar makaranta da ɗakin nan, ranar ta taka shi har ƙafarta ta yi zafi, kuma rabin hankalinta na kan fitila, rabi na cikin dajin da motar ke ratsawa, inda waya ba ta shiga.

Bayan azahar ta leƙa ta ga koriya.

Ba ta yi guɗa ba. Ta zauna a bakin gadon Japheth, ta riƙe wayarta da hannu biyu tana jira. Abednego ya shigo da ƙasa a ƙafafunsa ya tsaya a bakin ƙofa. Adawiyya ta kawo awara ta ajiye, ba wanda ya taɓa. Inuwar mangwaro ta kai katanga, ta haura. Sai wayar ta yi ƙara.

Fuskar Japheth ta fito tar, har jar ƙasar hanya a girarsa, bayansa ana jin hayaniyar 'yan Keke Napep.

"Mama, mun iso lafiya. Kai, ina ganinku sarai! An gyara ke nan?"

"An gyara," ta ce. Ta buɗe baki za ta ce ya juyo gobe, sai ta tuna juyowar ma hanyar ce. Ta ce, "Ka ci abinci?"

Abednego ya matso ya cusa kansa a gaban wayar, goshinsa kawai ake gani. "Ka ce wa yaran su yi karatu da kyau."

Japheth ya zauna a Kaduna har yaran suka gama jarrabawa, kullum da safe uwar na ganinsa kafin ta ɗora kunu. Uban da ya janye 'ya'yansa bai mayar da su ba. Wajen kaka Japheth ya biyo ayari ya dawo, yana nan a ɗakinsa yana koyarwa, ko da yake yana yawan zancen wata Susan da ya sani a can. Ƙasimu ya kafa turaku masu jan fenti a kan layin, masu shuka suka matsa gefe. Adawiyya na nan tana suya, ɗanta ya ce zai zo da Sallah. Dankalin Abednego bai yi ba a shekarar, amma shugaban makarantar ya ba shi wani fili a bayan azuzuwa, ya sa doya. Comfort kuwa tana nan lafiya, ƙafa ce dai ta fara damunta.